Eriske, Tsibirin Korarru

A yammacin ƙasar Sikotilan, inda tekun Atalantika ke dukan duwatsu dare da rana, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Eriske, tsakanin tsibiran Yuwis ta Kudu da Bara, wanda tsawonsa bai wuce mil biyu da rabi ba, mutanensa kuwa harshen Galik suka gada kaka da kakanni. Masu tarihi sun fi tunawa da shi domin a nan Yarima Charles Stuart ya fara sauka a ƙasar Sikotilan a 1745, yana neman gadon sarautar kakanninsa. Amma a ganina al'amarin talakawansa ya fi cancantar a ba shi tawada.

Da Kanar John Gordon ya sayi waɗannan tsibirai a 1838, sai ya ga tumaki sun fi talakawa riba, ya shiga tashin mutane daga gonakinsu, aka loda wasu a jiragen ruwa zuwa Kanada. Eriske kuwa, da yake fako ne da duwatsu, ko tunkiya ba ta ƙoshi a cikinsa, bai yi masa kwaɗayi ba, ya bar korarru suka tare a can. Ashe rashin albarkar ƙasar ne Allah ya sa ya zama musu mafaka. Da noma ya gaza ciyar da su, ala tilas manoma suka koma masunta, maza suna bin kifin da ake kira herin, mata suna saƙa musu rigunan ulu marasa ɗinki, suna kuma kora ƙananan dawakai ɗauke da mangaloli cike da ciyawar teku, wadda ita ce takinsu, da wata baƙar ƙasa da ake yankawa a shanya ta zama makamashi, tun da itace ya yi ƙaranci ƙwarai.

Limaminsu na Katolika, Fada Allan MacDonald, ya tsaya suka gina majami'a a 1903, ya kuma himmatu wajen rubuta kalmomi da hikayoyinsu kafin rasuwarsa a 1905, hidimar da duk mai kishin harshen uwa zai jinjina mata.

A 2001 aka shimfiɗa hanya ta kan teku zuwa Yuwis ta Kudu, a 2006 kuma jama'ar yankin suka haɗu suka saye ƙasar da aka kori kakanninsu daga cikinta. Sai dai ƙidayar 2011 mutum 143 kacal ta samu a tsibirin.