Daga Gudun Boko Zuwa Jiran Takarda: Tarihin Neman Gurbin Karatu a Ƙasarmu

'Yan'uwa 'yan asalin Rijiyar Zaki mazauna birane. Kowace shekara, da zarar an kammala jarrabawar fita daga sakandare da ta shiga jami'a, gidaje da dama a garinmu sukan shiga zaman zullumi. Yaro na jiran ya ga sunansa, uba kuma na lissafin inda kuɗi za su fito idan sunan ya fita. Wannan jira yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi. A taƙaice, a da takarda ɗaya ake jira, wadda ke ɗauke da gurbin karatu tare da ɗawainiyarsa. Yau kuwa jiran ya rabu gida biyu, kuma a tsakanin biyun ne 'ya'yan talakawa ke zubewa.

Tun farko ma makaranta ce ke neman yaro. Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa cikin 1909, mutanen ƙasar Kano ba su yi marhabin da boko ba. Shekaru masu yawa bayan haka, hakimi ne ke umartar dagaci, dagaci ya umarci mai unguwa, a kawo yara kaza zuwa elimantare. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi almajiranci gabas. Uban da sunan ɗansa ya fito a wancan zamani, jaje ake yi masa. Amma yaron da ya daure ya wuce Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, En'e ce ke ciyar da shi, ta tufatar da shi. In ya yi fice, sai a zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ta wannan hanya Malam Aminu Kano, Allah ya ji ƙansa, ya bi har ya sami sikolashif zuwa Landan a 1946.

Al'amura sun fara juyawa bayan samun mulkin kai. Gwamnatin Sardauna na neman 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshi, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama reshenta. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Baƙo, buƙatar ma'aikata ta ƙaru. Mutanen ƙauye suka ga ɗan maƙwabcinsu da aka kama da kuka ya dawo a kan babur, yana ɗaukar albashi. Daga nan gudu ya koma nema. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe ƙofofin kwalejojin horon malamai irin na Wudil da Bichi, har ana biyan ɗalibansu alawus. A 1977 aka kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma a shekarar ce Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a.

Jiran wancan lokaci yana da nasa wahala. Babu waya, kuma ba kowane gida ke da adireshi ba, saboda haka yara kan yi amfani da akwatin gidan waya na makaranta ko na wani ɗan gari ma'aikaci. Hedimasta ne ke hawa keke ya je ofishin ilimi ya kwafo sunaye. Masu neman manyan makarantu kuwa sai su riƙa bin jaridar New Nigerian, ana karɓar kwafi ɗaya hannu zuwa hannu har ya yage. Wata takardar takan kwana a aljihun ɗan saƙo har ranar shiga ta wuce. Duk da haka, idan ta iso, magana ta ƙare. Makarantar kwana ce, abinci da littattafai na gwamnati ne, abin da ya rage wa uba shi ne akwatin ƙarfe da ɗan guzuri.

Shekarar 1978 ita ce mararrabar wannan tarihi, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta. Na farko, an kafa hukumar JAMB. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, har mutum ɗaya kan sami gurbi a wurare uku, wani kuma bai sami ko ɗaya ba. Da jami'o'i suka ƙaru daga 6 zuwa 13, sai aka ga ya dace a haɗa jarrabawar wuri guda. Na biyu, a watan Afrilu ɗalibai suka yi bore saboda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincinsu na yini, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana riƙe da ma'aikatar ilimi ta tarayya. An rasa rayuka, har da a Samarun Zariya. Kwabo hamsin ba wani abu ba ne a idon mutumin yau, amma shi ne alamar farko cewa gwamnati ta soma sauke nauyin ɗalibi a kan iyayensa.

Sai a lura da wani lissafi. Yaran da suka cika azuzuwa a 1976 sun iso ƙofar jami'a ne wajen 1987 zuwa 1988, daidai lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Masu nema suka yawaita, abin rabo ya ragu. An ƙara jami'o'i, ta Wudil a 2001, ta Northwest a 2012, amma matakan jira su ma suka ƙaru. Tun daga 2005 jami'o'i suka soma yin tasu tantancewar bayan ta JAMB. A 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, a 2017 kuma aka mayar da ba da gurbin kansa ta intanet, inda tilas ɗalibi ya shiga ya amsa cewa ya karɓa. Yajin aikin malaman jami'a na kimanin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya sa wasu suka riƙe takardar shiga a hannu, ba su ga aji ba sai bayan shekara.

Dangane da gurbi, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, kuma Kano na cikinsu. Ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero nan kusa da mu a kan hanyar Gwarzo. Ke nan ɗan Rijiyar Zaki mai ƙoƙari ba ya rasa ƙofa. Inda gizo ke saƙar shi ne jira na biyu, wato na kuɗi. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Akwai kuma asusun bashin ɗalibai na tarayya, wanda aka sa hannu a kan dokarsa a Afrilun 2024, ba shi da kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai galibin masu ba da tallafi sukan nemi shaidar cewa ɗalibi ya riga ya shiga makaranta, ita kuwa makaranta tana da wa'adin rajistarta, wanda ba ya jiran kowa.

Mu da muka yi aikin koyarwa mun ga abin da ke faruwa a cikin waɗannan 'yan makonni. Uba ya kwashi hatsi ya kai Dawanau da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Uwa ta sayar da akuyarta. Wani ya yanki gonar gado ya sayar wa masu neman fili, tun da birni ya iso mu. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, sai ya ce wa yaro a bari sai baɗi, alhali sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, dole a sake sayen fom, a sake zama. In 'ya mace ce, sau da yawa baɗin ba ta zuwa.

Saboda haka nake kira gare ku da abubuwa uku. A sami ƙaramin kwamiti da zai tattara sunayen yaranmu da suka zauna jarrabawa kowace shekara, ya riƙa duba musu sakamako, kada gurbi ya kuɓuce don rashin waya ko rashin sani. A ware wani kaso na gudummawar shekara a ajiye shi domin kuɗin rajistar farko kaɗai, a biya kai tsaye ga makaranta da zarar suna ya fito. Sannan kowane ɗayanku da ke zaune kusa da wata makaranta a Zariya, Kaduna, Sakkwato ko Abuja ya yarda ya zama masaukin ɗan gari a makonnin farko.

Yawancin masu karanta wannan mujalla sun kai inda suke ne domin wata rana takarda ta zo, kuma an riga an biya musu abin da ke bayanta. Bashi ne a wuyanmu, waɗanda za mu biya kuwa su ne yaran da ke zaune a ƙofar gida yanzu suna jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ɗaukaka garinmu.