Zari-rugar da ta sa Najeriya ƙaurace wa Olamfik

'Yan uwa, jiya a ɗakin kallo wani abokina Bayarabe ya kunna wasan zari-ruga, na ce ina ruwanmu da wannan kokawar? Ashe da ruwanmu.

Tun 1921 Afirka ta Kudu da Niyu Zilan suke karawa. A 1928 Niyu Zilan ta bar 'yan wasanta 'yan ƙabilar Mawori a gida, don kada ta ɓata wa Turawan Afirka ta Kudu rai. Da aka yarda su shiga a 1970, sai aka ba su matsayin "Turawan girmamawa". Wannan wulakancin ya fi hanawar ciwo, a ganina.

A 1976, jinin ɗaliban Soweto bai bushe ba, Niyu Zilan ta sake kai ziyara. Ƙasashen Afirka suka nemi a kore ta daga gasar Olamfik ta Montreal, aka ƙi. Fiye da ƙasashe 20 suka janye, har da Najeriya. Shekarun atisayen 'yan wasanmu suka tafi a banza.

A 1995 Afirka ta Kudu ta doke su 15-12 a wasan ƙarshe na kofin duniya, Mandela ya miƙa kofin sanye da rigar da baƙaƙe suka daɗe suna ƙyama.