'Yan Matan Mishan da Tarihin Kiristanci a Ƙasar Kano

A ƙasar Rano da Kibiya, daga Rurum Sabon Gari har ƙauyukan da suka yi wajen Sumaila da Tudun Wada, akwai gidajen Hausawa Kirista, yawancinsu jikokin Maguzawa, masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. In ana ba da labarin yadda addinin nan ya iso ƙasar Kano, sunayen maza ake jerowa: Bingham, Tugwell, Miller. A ganina an tauye labarin. Tugwell da Miller sun zo Kano an hana su zama. Waɗanda suka samu shiga daga baya, suka riƙe aikin yau da kullum, da yawansu 'yan mata ne da suka baro ƙasashensu ba aure, suka shekara da shekaru a nan, kuma daɗewar ce ta sa aikinsu ya kama ƙasa.

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar isa ƙasar Hausa. Shekara na zagayowa Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasa a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka tsare 'yan mishan daga yawancin masarautun Musulmi kusan shekara talatin. Amma ƙungiyar da Bingham ya kafa, SIM, ta bi tsarin da Hudson Taylor ya fara a ƙasar Sin a 1865: ba tabbataccen albashi, ba sai wanda aka naɗa fasto ba. Tsarin nan ya ba mata hanya. Yarinyar da cocin garinsu a Kanada ko Amurka ba zai bari ta hau mumbari ba, shi ne kuma zai tara mata kuɗin jirgi ta je ta riƙe tasha guda a Afirka. Sai ta yi makonni a teku, ta hau jirgin ƙasa daga Ikko, ta zauna a Minna koyon Hausa, tana shan kwinin kullum, ba za ta sake ganin iyayenta ba sai bayan kamar shekara huɗu. Johanna Veenstra, wadda ta zo ta hannun wata ƙungiyar mishan, SUM, a 1920 tana da shekara 25, ta zauna a Lupwe kusa da Takum har ta rasu a asibitin Vom a 1933.

A Kano kuwa kuturta ce ta kawo su. Zamanin Gwamna Cameron, daga 1931, aka fara sassauta takunkumin, kuma a 1937, Sarki Abdullahi Bayero na kan gado, SIM ta karɓi kula da zangon kutare na En'e a Yadakunya, kamar yadda ta karɓi Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Likita kan zama ɗaya tilo, ragowar aikin na nas-nas ne: wanke gyambo, renon jariran majinyata, da allurar man wani icen Indiya mai tsananin zafi, wadda ita ce magani kafin ƙwayar dafson ta yaɗu wajen 1950. Da ƙwayar ta samu, sai ɗakunan shan magani suka bazu cikin karkara, don yanzu mai ciwo na iya karɓar rabonsa ya koma gona. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, a 1948 kuma sistocin Saint Louis suka zo daga Ailan suka kama koyar da 'yan mata. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san baƙo namiji iyakarsa zaure, mace ce ke kutsawa cikin gida, ta zauna da mai jego, ta ga yaron da ke fama da ciwon ido. Matan Maguzawa ma ba sa kulle, suna noma suna cin kasuwa, haɗuwa da su ba wuya. Sai dai mai jego ba ta faɗa wa baƙuwa cikinta ta bakin tafinta, sai wadda ta ji Hausa, aka ga fuskarta rani da damina.

Akwai masu cewa matan nan 'yan kanzagin mulkin mallaka ne kawai. Gaskiya ne ba don tutar Ingila ba da ba su zauna ba, kuma da yawansu sun zo da raina al'adun mutanen da suka tarar. Amma takardun Razdan-Razdan cike suke da ƙorafi a kan 'yan mishan, don gwamnati ta fi son zaman lafiya da sarakuna. Zargi na biyu ya fi nauyi, cewa magani tarko ne. Ba zan wanke su daga wannan ba. Wa'azi ga wanda ciwo ya kayar, ba shi da wani wurin zuwa, abu ne da ya dace a tuhuma, kuma rigima ta sha tashi a kan yaran da aka raina a zangon kutare. Ethel Miller, 'yar'uwar Likita Miller, ta buga wata ƙasida a shekarun 1920 da ta ci zarafin Annabin Musulunci, ta ɓata ran Musulmi, ta kuma jawo wa 'yan'uwanta 'yan mishan ƙarin takunkumi. Duk da haka, yawancin waɗanda suka sha magani a Yadakunya sun shiga Musulmi sun fita Musulmi, ba a kuma hana su magani don haka ba.

Hujjar masu suka mafi ƙarfi ita ce, ba Turawa ne suka kai bishara ƙauyukan Maguzawa ba, 'yan ƙasa ne. Haka ne. Ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa ta kafu a 1948, cocin ECWA a 1954, SIM ta miƙa wa ECWA ragamar aiki a 1976, kuma Maguzawa da dama sun zaɓi addini ne bayan rangadin musuluntarwa na Sardauna a shekarun 1960, wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci. To amma wa ya koya wa mai bisharar karatu? Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ajin yaƙi da jahilci da na ungozoma kuwa akasari a hannun matan nan yake. Majinyacin da ya warke ya koma ƙauyensu ya iya boko, matar mai bishara ta iya karɓar haihuwa, daga nan aikin ya koma hannun Zumuntar Mata, wadda yau ita ke ɗauke da ziyarar marasa lafiya da gudummawar biki da ta makoki a cocinan karkara. Wasiƙun Turawan suna ajiye a ma'ajiyar SIM a Amurka, rahotannin gwamnati suna Kaduna, kuma da irinsu Shobana Shankar ta rubuta littafinta na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewa. Hausawan matan da suka karɓi aikin kuwa ba kasafai sunansu ke fitowa a takarda ba. Tsofaffin da suka yi zamani da su a Rano da Kibiya suna ƙarewa, kuma su kaɗai za su iya faɗin wace ce ta fara koyar da karatu a kowane ƙauye.