Sakakkiyar Waƙa: Tasowarta a Duniya da Matsayinta a Ƙasar Hausa

Sakakkiyar waƙa ita ce rubutacciyar waƙar da mai ita bai ɗaure kansa da kari guda ko amsa-amo guda ba. Ɗango yakan yi tsawo ko ya gajarta gwargwadon numfashin mai magana da nauyin abin da yake faɗa. Faransawa suna kiranta vers libre, Larabawa kuma shi'irul hurri.

A Amurka, Walt Whitman ya fitar da Leaves of Grass a 1855, da dogayen layuka marasa amsa-amo. A Faransa kuwa, mujallar La Vogue ta birnin Faris ta buga waƙoƙin Arthur Rimbaud da Jules Laforgue da Gustave Kahn a 1886, daga nan sunan salon ya bazu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza Turai, marubuta da yawa suka ga tsohon ma'auni ya yi wa abin da idonsu ya gani kaɗan, kuma a cikin wannan yanayi T. S. Eliot ya buga The Waste Land a 1922.

Amma abin da ya fi shafar Bahaushe ya faru ne a Bagadaza a 1947. A shekarar ce Nazik al-Mala'ika ta yi waƙarta a kan annobar kwalara da ta auka wa Masar, Badr Shakir al-Sayyab kuma ya fito da tasa a kan irin wannan tafarki. Ba su jefar da aruli, wato ilimin ma'aunin waƙar Larabci, ba. Sun riƙe ƙafar waƙa, sai dai sun daina ƙidaya ƙafa nawa za ta shiga kowane layi, suka kuma rushe rabon baiti gida biyu. Wannan arulin da suka sassauta shi ne wanda malaman ƙasar Hausa suka gada.

Asalin wannan gado a ƙasar Hausa bai yi nisa da garin Madawa na Nijar ba. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, kuma babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a ƙasar Madawa kabarinsa yake. Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu su ne suka kafa wa rubutacciyar waƙar ajami ginshiƙi. Sun ɗora ta a kan karuruwan Larabci, irin su Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da Mutaƙarab, abin kuwa ya zauna daram, domin Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da maras nauyi kamar Larabci. A duba kalmar "gida": gaɓar farko gajeriya ce, ta biyu doguwa. Malami mai tsara waƙa yakan zauna da alƙalami da tawada yana gunaguni, fa'ulun fa'ulun, yana gwada kalma a kan ma'auni, in ta yi nauyi ya cire ya nemo 'yar'uwarta. Haka aka samu gwauruwa da ƙwar biyu da ƙwar huɗu da ƙwar biyar, da tahamisin da wani zai ƙara wa baitin wani ɗango uku, ga amsa-amon ciki, ga babban amsa-amo da zai riƙe waƙa tun daga basmala har addu'ar rufewa. Ba don ado kawai aka yi wannan ɗauri ba. Waƙar wa'azi ta haddacewa ce, kuma kari shi ne igiyar da makaho mai bara ko mace a tsakar gida ke riƙewa don kada baiti ya kuɓuce.

A ƙarni na 20 jigo ne ya fara sakewa kafin kari. Boko ya zo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sai Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin suka shigo da siyasa da ilimin zamani da gyaran hali cikin waƙa. Duk da haka ma'auninsu na malamai ne.

Sassaucin kari ya shigo ta ƙofar da ba a zata ba, wato ta wajen makaɗa. Masu nazari sun nuna cewa Aliyu Namangi na Zariya ya ɗauko karin Imfiraji daga kiɗan caji, ya zuba wa'azi da yabon Annabi a cikinsa. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda aka tattara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya a 1977, ya ƙara faɗaɗa wannan hanya, yana aron karin waƙoƙin baka yana sarrafa Hausa yadda ya so. A ganina nan ne ainihin sabuntar waƙar Hausa take, kuma ta cancanci a ba ta matsayin da ake ba Bagadaza a tarihin waƙar Larabci. Marubucin Bahaushe bai tsere wa kari ba, ya sauya masa uwa ne: daga littafin aruli ya koma ga kalangu.

Sakin kari da amsa-amo gaba ɗaya kuwa bai yi saiwa mai zurfi ba. Dalilin a fili yake. A Hausa ba a cewa an karanta waƙa ta cika sai an rera ta, kuma ta rediyo da kaset da bakin masu bara jama'a suka san yawancin waƙoƙin nan, ba ta takarda ba. Abin da bai reru ba, mai sauraro zai ce zube ne aka yanka layi-layi. Masu Suwahili sun yi irin wannan taƙaddama bayan Euphrase Kezilahabi ya buga Kichomi a 1974, inda masu riƙe da tsohon tsari suka ce sam wannan ba waƙa ba ce.

Sai dai kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin magana mai tashi wadda ba ta da ma'aunin aruli. Duk wanda ya tsaya a filin kokawa a Buza ko Keita a ƙasar Adar bayan an gama girbi ya ji ta. Ɗan kokawa zai fito da layu a damtse, ya ɗaga hannu, makaɗa su saurara, ya kwararo kirari: wani layi kalma uku, wani ya miƙe har numfashi ya ƙare, maimaici da kambama kai su ne ke riƙe da shi. Tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975, wannan kirari yake shiga gidaje ta rediyo. Abin da Whitman ya nema a takarda, ɗan kokawar Adar yana yinsa da ka.

A Nijar, waɗanda suka rubuta waƙa da Faransanci, kamar Abdoulaye Mamani mai Poémérides ta 1972 da Adamou Idé mai Cri inachevé ta 1984, sun taso ne bayan Aimé Césaire da Léopold Sédar Senghor sun riga sun buɗe wannan ƙofa. Ɗan makarantar boko a Madawa yakan haɗu da sakakkiyar waƙa a darasin Faransanci da safe, da dare kuma ya ji ƙasida mai cikakken kari a makarantar allo. Yanzu matasa a Nijar da Nijeriya suna sa gajerun waƙoƙin Hausa marasa kari a Facebook da WhatsApp, inda ido ne ke fara cin karo da su kafin kunne.