Sassaucin Haraji da Yaɗuwar Wutar Sola a Karkara: Nazari a kan Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sassaucin harajin da Gwamnatin Tarayya ta tanada domin bunƙasa makamashi mai sabuntuwa, ta auna shi da halin da ake ciki a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina. An bi hanyar nazarin dokoki da manufofin gwamnati. Sakamakon ya nuna cewa sassaucin da ke rage farashin kaya a kasuwa shi ne ke iya kaiwa ga manomi, amma yafe harajin riba ya fi amfanar manyan kamfanoni.

1.0 Gabatarwa

Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu, kusa da iyakar Zamfara. Noma da kiwo ne sana'ar yawancin jama'a. Ƙauyuka da dama layin wutar kamfanin KEDCO bai kai gare su ba, don haka mai noman rani da mai injin niƙa da mai cajin waya duk da man fetur ko dizal suka dogara. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya ninka, hankali kuma ya koma kan sola. Tambayar ita ce: wane irin sassaucin haraji ne ke isa hannun waɗannan mutane?

2.0 Tanadin Doka

Sassaucin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne na riba. Dokar 1971 ta sassauta wa masana'antu harajin kuɗin shiga ta ba kamfanin da ya buɗe sabon fage damar ƙin biyan harajin riba na shekara 3, da yiwuwar ƙarin shekara 2, ƙarƙashin kulawar hukumar NIPC. Dokar Haraji ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta maye gurbinsa da ragin kashi 5 cikin 100 na jarin da aka zuba, duk shekara har shekara 5.

Na biyu shi ne na kaya. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, amma umarnin gyara na 2020 ya cire kayan samar da wuta daga rana da iska. Umarnin 2024 ya ƙara da iskar gas da motocin lantarki da kayan girki marasa hayaƙi.

3.0 Tattaunawa

Yafe harajin riba sai ga wanda ake bin sa harajin. Dokar 2019 ta riga ta cire kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, manomi kuwa da ma ba kamfani ba ne. Ke nan ɗan kasuwar da ke sayar da faifan sola a Batsari, ko mai haɗa shi a Runka ta Safana, babu abin da wannan tanadi ya ƙara masa. Mai cin gajiyarsa shi ne kamfani mai jarin gina ƙaramar tashar wuta, shi kuwa lissafinsa bai tsaya ga haraji ba.

Tashar wutar iska ta Lambar Rimi, a Jihar Katsina, shaida ce. An tsara ta samar da megawat 10 daga fanka 37, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar. A Disambar 2012 aka sace injiniyan kamfanin a Rimi, aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa. Idan haka ta faru a wajen da bai kai Batsari hatsari ba, ragin kashi 5 ba zai ja mai jari zuwa bakin Rugu ba.

Rashin tsaron kansa ya ƙara buƙatar sola. Dokar da gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta kafa a 2021 ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Matakin ya nufi 'yan bindiga, amma ya taɓa mai injin ban-ruwa. Famfon sola ba ya jiran jarka.

Sassaucin kaya shi ne mafi kusa da talaka, sai dai yana zurarewa a hanya. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta haɗiye kashi 7.5 ɗin da aka yafe. Batir, wanda ke cikin mafi tsadar kayan haɗin, bai tsira daga kuɗin fito na kwastam ba. Ga kuɗin mota daga Legas zuwa Kano zuwa Katsina, ga ribar dillalai. Wannan ya sa mai saye ke komawa ga kaya masu araha marasa ƙarko.

4.0 Shawarwari

Na ɗaya, a daidaita kuɗin fito a kan batir da inbata da famfon ruwa da na faifan sola, tunda ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Na biyu, tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Jihar Katsina na iya yafe kuɗin fili da na lasisi ga ƙananan tashoshi a ƙananan hukumomin da ke fama da rashin tsaro. Na uku, a haɗa sassaucin da tallafin hukumar REA, musamman shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, a kuma ba ƙungiyoyin manoma famfo bashi su biya bayan girbi.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa nasarar sassaucin haraji a Batsari da Safana ta rataya a kan abu biyu: ya taɓa farashin da mai saye ke biya, sannan tsaro da rance su tallafe shi. Akwai buƙatar binciken fili da zai bi farashin kayan sola daga tashar jiragen ruwa zuwa kasuwannin ƙauye, domin a gano gaɓar da rangwamen ke salwanta.