3.2 Tunanin Vaclav Havel a Kan Rayuwa a Ƙarƙashin Mulkin Kwaminisanci

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin duba yadda marubucin wasan kwaikwayo Vaclav Havel ya kalli mulkin kwaminisanci a ƙasarsa Cekoslobakiya. An haife shi a birnin Prague a shekarar 1936, a gidan masu hannu da shuni. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulki a 1948, sai aka ƙwace dukiyar gidansu, shi kuma aka toshe masa hanyar karatun da yake so saboda asalinsa. Ke nan tun yana yaro ya ɗanɗana kuɗar wannan tsari.

Bayan sojojin Ƙawancen Warsaw sun mamaye ƙasar a watan Agusta na 1968, an haramta nuna wasanninsa, har ta kai a 1974 ya yi leburanci a wata masana'antar giya a garin Trutnov. A 1977 yana cikin kakaki uku na farko na Yarjejeniyar 77, wadda ta nemi gwamnati ta mutunta 'yancin ɗan Adam da ita kanta ta sa wa hannu.

Sai dai inda tunaninsa ya fi fitowa fili shi ne maƙalarsa ta 1978 a kan ƙarfin da marasa ƙarfi suke da shi. A ciki ya kawo misalin wani mai kula da shagon kayan miya, wanda ake aiko masa da allon taken jam'iyya tare da albasa da karas, shi kuwa ya kafa shi a taga. Mutumin nan bai damu da abin da ke rubuce ba, masu saye ma ba sa karantawa. Abin da allon ke faɗa a zahiri shi ne: ni mai biyayya ne, a ƙyale ni. Idan ya ƙi kafawa, za a sauke shi a mayar da shi sito, a rage masa albashi, 'ya'yansa kuma su rasa gurbin jami'a. Daga nan ne Havel ya kafa hujjar cewa ba 'yan sandan ciki kaɗai ke riƙe da mulkin ba, har da miliyoyin mutane da ke yin abin da ba su yarda da shi ba. Wato kowa wanda aka zalunta ne, kuma kowa ginshiƙin zaluncin ne.

A ganin mai wannan nazari, hukuncin ya ɗan yi wa mai shagon tsauri, domin mai iyali ba ɗaya yake da marubucin da duniya ta san sunansa ba. Amma ba za a ce Havel faɗa kawai ya yi ba, don kuwa an tsare shi daga 1979 zuwa 1983. Ranar 29 ga Disamba, 1989, majalisar da har lokacin 'yan kwaminis suka fi yawa a cikinta ta zaɓe shi shugaban ƙasa.