Zagin da ya zama suna: yadda Turanci ya raɗa wa masu ɗaukar ɓangare suna

Duk mai bibiyar siyasar Birtaniya ya saba jin ana kiran 'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da sunan Tory, su ma kuma haka suke kiran kansu ba tare da jin nauyi ba. Kaɗan ne ke tuna cewa asalin ma'anar kalmar ɗan fashi ne. Yawancin sunayen da Turanci ya ba masu ɗaukar ɓangare a rigima daga bakin abokan gaba suka fito, kuma makomarsu ta rabu gida biyu: sunan wanda ya tsaya a gefe guda yakan wanku, na wanda ya tsaya a tsakiya kuwa yakan zauna da daɗɗarsa.

Mu fara da yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki. Gab da yaƙin, mutanen sarki sun riƙa kiran magoya bayan majalisa Roundhead, wato mai mulmulallen kai, suna yi wa yaran masu sana'a na Landan ba'a saboda gajeren askinsu, a zamanin da 'yan fada ke barin suma ta sauko kafaɗa. Su kuma suka rama da Cavalier, wato mahayin doki, da nufin jarumin banza mai girman kai. Mutanen sarki suka ga ai hawan doki ba abin kunya ba ne, suka karɓi sunan suka yi ado da shi.

Shekaru kusan arba'in bayan haka, rigimar gadon sarauta ta 1679 zuwa 1681 ta haifi sunaye biyu da suka fi kowanne daɗewa. Sarki Charles na Biyu ba shi da ɗan halak da zai gaje shi, magajinsa shi ne ƙanensa James, wanda ya koma ɗariƙar Katolika a ƙasar da mafi yawan mutanenta 'yan Furotesta ne. Wani ɓangare na majalisa, ƙarƙashin jagorancin Shaftesbury, ya kawo ƙudurin hana James gadon mulki. Wani ɓangaren ya ce gadon sarauta ba abin da majalisa za ta taɓa ba ne.

Masu neman a hana James suka kira masu kare shi Tory, kalmar harshen Ailan da ake kiran Katolikan da aka ƙwace wa filaye suka shiga daji suna fashi. Masu kare James suka mayar da martani da Whig, guntun Whiggamore, sunan manoman yammacin Sikotlan masu tsattsauran ra'ayin addini da suka yi tattaki zuwa Edinbura a 1648 suka karɓe iko. Abin lura shi ne dukan sunayen biyu daga wajen Ingila aka ɗauko su. Kowane ɓangare yana cewa ne abokin hamayyarsa ba cikakken ɗan ƙasa ba ne: wannan ɗan fashin Ailan, wancan ɗan tawayen Sikotlan.

Amma kafin a daɗe kowa ya rungumi nasa. Whig ya zama sunan jam'iyyar da ta mamaye mulkin Birtaniya a mafi yawan ƙarni na 18, kafin ta narke cikin jam'iyyar Liberal a 1859. Sunan ya ƙetare teku har Amurka, inda masu adawa da Shugaba Andrew Jackson suka kafa tasu jam'iyyar Whig a shekarun 1830, don nuna cewa su ma da mai halin sarakuna suke faɗa. Tory kuwa yana nan har gobe.

Labarin ɗan tsakiya daban ne. A watan Nuwamban 1680, George Savile, wanda aka fi sani da Halifax, ya ƙalubalanci Shaftesbury a majalisar dattawa har aka kayar da ƙudurin hana James da ƙuri'a 63 da 30. Sai ga shi a 1685, bayan James ya hau mulki, an sallame shi daga muƙami saboda ya ƙi goyon bayan soke dokokin da suka hana Katolika riƙe muƙamai. A Fabrairun 1689 kuma shi ne ya miƙa wa William da Mary tayin sarauta bayan James ya tsere. Irin mutanensa ake kira trimmer, daga aikin mai jirgin ruwa da ke daidaita nauyi ko filafilai gwargwadon iska. Halifax ya rubuta littafi guda yana kare sunan, hujjarsa ita ce idan jama'a suka rinjayi gefe ɗaya na kwale-kwale, wanda ya koma ɗaya gefen shi ya ceci kowa daga kifewa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta ceci kalmar ba. A ƙamus na yau, trimmer mutum ne mai bin inda iska ta kaɗa don amfanin kansa.

Haka ta faru da mugwump a Amurka. Kalmar ta fito ne daga harshen 'yan asalin yankin Massachusetts, tana nufin babban jagora, kuma John Eliot ya yi amfani da ita a fassararsa ta Baibul ta 1663. A zaɓen 1884 wasu 'yan Republican suka ƙi ɗan takararsu James Blaine bisa zargin rashawa, suka mara wa Grover Cleveland na Democrat baya. Aka yi musu gatse da mugwump, wato manya masu ganin sun fi ƙarfin jam'iyya. Cleveland ya ci jihar New York da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,200 ba, da ita kuma ya ci shugabanci. Waɗannan mutane sun ɗauki ɓangare ƙarara, har sun taimaka wajen sauya sakamakon zaɓe, amma yau kalmar tana nufin mai ƙin tsayawa ko'ina. A 2017 ma da ita Boris Johnson ya yi wa Jeremy Corbyn shaguɓe.

Dalilin wannan bambanci bai da wuyar ganewa. Zagi yana wankuwa ne idan akwai jama'a mai ɗorewa da za ta yafa shi, ta ci zaɓe da shi, ta bar wa 'ya'yanta. Tory da Whig sun sami jam'iyyu, da jaridu, da magada. Ɗan tsakiya ba shi da runduna, kuma ɓangarorin biyu, duk da gabarsu, sun yi tarayya wajen ƙin sa. Da ya mutu ba wanda ya rage ya kare sunansa, sai ma'anar da maƙiyansa suka ba shi ta shiga ƙamus.

Saboda haka, idan mai karatu ya ci karo da irin waɗannan kalmomi a jaridar Turanci, ya dace ya tambayi wanda ya fara raɗa su da kuma wanda ya rage a raye yana fassara su. Tsabtar sunan Tory shaida ce ta cewa masu shi sun daɗe, ƙazantar sunan trimmer kuma shaida ce ta cewa Halifax bai bar jam'iyya ba. Ko ɗaya bai faɗa mana wanda ke da gaskiya a 1680 ba.